Wa Za a Fara Dubawa? Jagorar Tantance Masu Rauni Daga Wurin Hatsari Zuwa Ƙofar Asibiti

Idan mota ta kife da mutum talatin, ko gini ya rufta, ko wani abu ya fashe a tsakiyar jama'a, waɗanda za su fara isa wurin da kayan agaji da wuya su wuce biyu ko uku. Hannunsu ba zai kai kan kowa a lokaci guda ba. Dole a fara da wani, wani kuma ya jira, kuma sau da yawa wannan zaɓin ne ke raba wanda zai rayu da wanda zai mutu tun kafin a kai ga likitan tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa raunuka na kashe mutum kusan miliyan 4.4 a kowace shekara, kimanin miliyan 1.19 daga cikinsu a hatsarin hanya. A cikin waɗannan akwai waɗanda jini ne kawai ya tsiyaye musu alhali ana iya tsayar da shi, akwai kuma waɗanda harshensu ne ya toshe musu numfashi alhali ɗaga haɓa kawai zai buɗe hanyar.

Ƙa'idar tantance wanda za a fara dubawa ta daɗe. Dominique Jean Larrey, babban likitan tiyata a rundunar Napoleon ta Faransa, shi ya kafe a kan cewa a fara da wanda rauninsa ya fi muni, ko janar ne ko kurtu. Daga baya aka ƙara mata wani sharaɗi: idan masu rauni sun fi ƙarfin ma'aikata da kayan aiki, sai a karkatar da ɗan abin da ake da shi inda zai ceci rayuka mafi yawa. Matakan da ke biye sun ginu ne a kan tsarin START, wanda asibitin Hoag da hukumar kashe gobara ta Newport Beach a jihar Kaliforniya ta Amurka suka fito da shi a 1983, haɗe da wasu gyare-gyare daga tsarin SALT na 2008. Karatu ba ya maye gurbin horo na hannu da hannu, amma wanda ya riƙe jerin a kansa ba zai daskare ba idan ranar ta zo.

Mataki na farko: kar ka taɓa kowa tukuna

Ka tsaya ka kalli wurin. Akwai man fetur a ƙasa? Wayar lantarki ta faɗo? Motoci na ci gaba da wucewa a guje? Bangon da ya rage zai iya biyo baya? Mai agajin da ya ji rauni ya ƙara mutum ɗaya a cikin masu jira, ya kuma rage ɗaya a cikin masu taimako. Ka sa safar hannu, ka sa wani ya tare hanya.

Sannan ka kira ƙarin taimako kafin ka duƙa kan kowa, domin da zarar ka duƙa ba za ka sake ɗagowa da wuri ba. Ka faɗi ainihin wurin, irin abin da ya faru, haɗarin da ke nan har yanzu, hanyar da motocin asibiti za su bi su shigo, da ƙiyasin yawan masu rauni. “Kusan mutum ashirin, aƙalla biyar ba sa motsi” ya fi “mutane da yawa sun ji ciwo” amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu: raba su da murya

Ka ɗaga murya: “Duk wanda zai iya tafiya, ya taso ya zo wajen can!” Ka nuna wuri guda, nesa da haɗari. Waɗanda suka tashi sun nuna maka abu uku ba tare da ka taɓa su ba: suna numfashi, jini na kai wa ƙwaƙwalwarsu, kuma sun fahimci magana. A tantancewa ana ba kowa launi gwargwadon rauninsa. Waɗannan su ne kore, wato masu rauni mafi sauƙi, na ɗan lokaci. Ka sa mutum ɗaya ya zauna da su, kar su watse.

Sai ka sake cewa: “Wanda yake ji na amma ba zai iya tashi ba, ya ɗaga hannu ko ya motsa ƙafa!” Waɗannan za su jira kaɗan. Saura waɗanda ba su tashi ba, ba su kuma motsa ba, da duk wanda ka ga jini na bulbula daga jikinsa. Da su za ka fara.

A nan ne zuciya ke yaudarar mutum. Mai ihu da karayar ƙafa a fili shi ke jan ido, shi 'yan uwa ke jawo ka wurinsa. Amma wanda ya iya kurma ihu hanyar numfashinsa a buɗe take. Wanda ke kwance shiru a gefe, yana zufa mai sanyi, yana kallon sama, shi ne abin tsoro.

Mataki na uku: daƙiƙa 30 zuwa 60 a kan kowane mutum

Ka fara daga wanda ya fi kusa da kai cikin marasa motsi, ka bi su a jere don kar ka tsallake kowa. A kan kowannensu tambayoyi huɗu ne.

Jini na zuba da ƙarfi? Idan yana tsartuwa, ko ya jiƙe tufafi, ko ya taru a ƙasa, shi za ka fara tsayarwa, domin babbar jijiyar cinya na iya ƙarar da mutum cikin 'yan mintuna. Ka danna wurin da ƙarfi da bandeji ko ƙyalle mai tsabta. Idan ramin rauni ne a hammata ko matsematsi, ka cusa bandeji ciki har ya cika, ka danne. Idan hannu ne ko ƙafa kuma dannawa ba ta tsayar ba, ka ɗaura maɗaurin tsayar da jini santimita 5 zuwa 7 a saman raunin, ba a kan gwiwa ba, ka murɗa har jinin ya tsaya cak. Zai yi zafi sosai, mai rauni zai roƙe ka ka sassauta. Kar ka sassauta. Ka rubuta lokacin da aka ɗaura a jikin maɗaurin ko a goshinsa. Idan babu na asibiti, ƙyalle mai faɗi da ɗan sanda na murɗawa za su yi, amma ban da waya ko siririyar igiya, don suna yanka nama ba su tsayar da komai ba. Duk wanda aka ɗaura wa wannan, launinsa ja ne, wato yana buƙatar taimako nan take.

Yana numfashi? Ka kalli ƙirji, ka kusantar da kunnenka bakinsa. Idan ba ya yi, ka buɗe hanyar: ka sa yatsu a bayan muƙamuƙi ka turo shi gaba ba tare da ka lanƙwasa wuya ba, ka cire abin da kake gani a baki. Idan numfashi ya dawo, ja ne. Ka kwantar da shi a gefensa, kai da wuya a miƙe da jiki, ka wuce. Idan bai dawo ba, launinsa baƙi ne, wato ba a sa ran ceto shi, sai a wuce. Idan kuwa dama yana numfashi, ka ƙirga: fiye da sau 30 a minti, ja ne. Ba sai ka cika minti ba, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Numfashin da ya yi ƙasa da 10 a minti shi ma alamar haɗari ne.

Jini na zagayawa? Ka sa yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Idan ba ka ji bugu ba, ja ne. Wata hanyar ita ce ka matse farce har ya yi fari ka saki. Idan launinsa bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ja ne. Wannan gwajin na farce ba abin dogaro ba ne a cikin duhu ko sanyi, saboda haka bugun wuyan hannu ya fi.

Yana bin umarni? “Matse hannuna.” “Buɗe idonka.” Idan bai iya ba, ja ne.

Wanda ya tsallake duka huɗun amma ba zai iya tafiya ba, rawaya ne: rauninsa na buƙatar asibiti, amma zai iya jira na ɗan lokaci.

Ka lura da abin da babu a wannan jerin. Babu ɗinki, babu ɗaurin karaya, babu ƙarin ruwa, babu wanke ciwo. Mai tantancewa abu biyu kawai yake yi da hannunsa, tsayar da jini da buɗe hanyar numfashi. Idan yana da horo, sai na uku, wato huda ƙirji da allura don fitar da iskar da ta taru ta danne huhu. Duk abin da ke buƙatar a zauna a riƙe, ka ba wani. Mutanen kore ma suna da amfani a nan: “Zo ka danna nan da ƙarfi, kar ka ɗaga har sai na dawo.” Ranar da mai tantancewa ya zauna yana yi wa mutum na biyu magani, mutum na bakwai da na goma sha biyu za su mutu ba tare da kowa ya san ja ne su ba.

Maganar baƙin launi

Wannan shi ne mafi nauyi a aikin, kuma bai kamata a wuce shi da sauri ba. A ranar da mai rauni ɗaya ne tak, idan zuciyarsa ta tsaya, kowa zai taru a kansa a yi ta danna ƙirji. A ranar da mutum talatin ke kwance, danna ƙirjin babban mutum da numfashinsa bai dawo ba bayan an buɗe hanya zai riƙe ma'aikata biyu, kuma da ƙyar ake samun wanda ya dawo idan rauni ne ya tsayar da zuciyar. A cikin mintunan nan wani da ɗaurin cinya kawai zai cece shi zai tafi. Shi ya sa ake wucewa.

Tsarin SALT ya ƙara launin toka, don wanda yana da sauran rai amma rauninsa ya fi ƙarfin abin da ake da shi a wannan lokacin, kamar wanda kansa ya fashe ƙwarai. Sanya wa mutum wannan launi ba ya nufin a yar da shi. A ba shi maganin zafi, a rufe shi, a sa wani ya zauna kusa da shi yana yi masa magana. Idan ƙarin ma'aikata suka iso, shi ma a sake duba shi, domin hukuncin ya rataya ne a kan ƙarancin hannu, kuma hannu na iya ƙaruwa. Ya fi kyau wanda ya fi kowa ƙwarewa a wurin ya yanke wannan hukunci, kar a bar shi a wuyan sabon ma'aikaci.

Yara

Alƙaluman manya ba su dace da yara ba, don yaro lafiyayye ma yana numfashi da sauri. Dakta Lou Romig ta fitar da tsarin JumpSTART a 1995 domin yara 'yan ƙasa da shekara takwas. A nan numfashi ƙasa da 15 ko sama da 45 a minti shi ne ja. Babban bambancin kuwa yana kan yaron da ba ya numfashi: idan an buɗe hanya bai yi ba, sai a duba bugun jijiya. Idan akwai, a hura masa numfashi sau biyar. In ya dawo, ja ne. Dalilin shi ne a yara numfashi ke fara tsayawa zuciya na ci gaba da bugawa, saboda haka akwai ɗan lokacin da za a iya jawo su. Jaririn da bai fara tafiya ba, ko yaron da aka goyo aka kawo wajen kore, ba a ɗauke shi kore don kawai yana can. A duba shi tun farko.

Mataki na huɗu: sa alama

Launin da ke cikin kanka kaɗai bai amfani kowa ba. Idan akwai katin tantancewa, ka ɗaura a wuyan hannu, ba a jikin riga ba, don za a yanke rigar. Idan babu, filasta da alƙalami sun isa, ko a rubuta a fata. Ka ba kowa lamba, ka riƙe ƙirga: ja nawa, rawaya nawa, kore nawa. Wannan ƙirgar ce asibiti ke jira don ya san ɗakin tiyata nawa zai buɗe.

Waɗanda ke yaudarar alƙaluma

Jikin babban mutum na ɗauke da jini kusan lita biyar, kuma yana iya ɓoye asarar da yawa. Karayar ƙashin cinya ɗaya na iya shanye lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin nama. Ƙashin ƙugu da ya tsage, ko saifa ko hanta da ta fashe, na iya shanye fiye da haka ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Matashi mai ƙarfi zai riƙe awon jininsa daidai har sai ya yi asarar kusan kashi uku cikin goma, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Yara sun fi kowa wannan. Alamun farko su ne bugun zuciya da sauri, hannu da ƙafa su yi sanyi, ƙishirwa, da rashin natsuwa. Ga wata dabara mai sauƙi: idan adadin bugun zuciya a minti ya haura lambar sama ta awon jini, misali bugu 115 da awo 100, ka ɗauka jini na zuba a wani wuri har sai an tabbatar da akasin haka.

Tsoho kuma nasa daban. Wanda ya saba da hawan jini, awon 105 a wurinsa ya riga ya faɗi ƙasa, shi ya sa jagorar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta 2021 ta sa iyakar haɗari a 110 ga mai shekara 65 zuwa sama, maimakon 90 na sauran manya. Wasu magungunan zuciya na hana bugu yin sauri, masu tsinka jini kuma na sa ƙaramin bugu a kai ya zama zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ka tambayi maganin da yake sha.

Mai ciki jininta ya ƙaru, don haka tana iya asarar da yawa kafin a gani a jikinta, alhali abin da ke cikin ya riga ya fara wahala. Idan cikin ya girma, a karkatar da ita ɓangaren hagu. Wanda ya fito daga gobara yana tafiya da ƙafarsa amma muryarsa ta dushe, gashin hancinsa ya babbake, ga baƙin hayaƙi a majinarsa, maƙogwaronsa na iya kumbura ya rufe nan gaba kaɗan. Wanda ya bugu a kai, ya suma, ya farfaɗo yana hira kamar ba komai, zai iya kasancewa jini na taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kansa. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗayan faɗi, duk na nufin a mayar da shi ja nan take. Kuma kar warin abin maye ya sa ka jingina ruɗewar mutum ga maye. Ka ɗauke ta a matsayin raunin kai tukuna.

Yadda hatsarin ya faru ma shaida ne. Wanda mota ta wurgo waje, wanda na kusa da shi a motar ya mutu, mai tafiya a ƙasa da aka buge aka yi jifa da shi, wanda ya faɗo daga tsayin da ya wuce mita uku, duk a sa musu ido ko da sun ce lafiyarsu ƙalau.

Mataki na biyar: wa zai fara tafiya, kuma ina

Ja ne ke fara shiga mota, amma ko a cikin ja akwai fifiko. Wanda ka tsayar wa jinin ƙafa da maɗauri ya samu ɗan sarari. Wanda jini ke zuba a cikinsa babu abin da za ka yi masa a bakin hanya, wuƙar likita kaɗai yake buƙata, shi zai riga.

Asibiti mafi kusa ba lallai ne ya zama wanda ya dace ba. Harbi ko suka a wuya, ƙirji ko ciki, karayar ƙugu, shanyewar ƙafafu bayan bugun baya, yankewar hannu ko ƙafa, duk suna buƙatar inda akwai likitan tiyata, ɗakin tiyata da jinin ƙari. Kai irin wannan ƙaramin asibiti na nufin a ɓata awanni sannan a sake ɗaukarsa. Banda guda: idan hanyar numfashi ta gagara, a tsaya a mafi kusa a gyara ta. Kar kuma a juye kowa a asibiti guda, a rarraba. A rufe kowane mai rauni da bargo ko da ana zafi, domin jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa.

Da an isa, miƙa bayani kar ya wuce rabin minti: shekarunsa, lokacin da abin ya faru, yadda ya faru, raunukan da aka gani, awon ƙarshe, da abin da aka yi masa.

Mataki na shida: a ƙofar asibiti a sake daga farko

Abin da aka sha gani a manyan haɗurra shi ne waɗanda suka fara cika asibiti masu ƙananan raunuka ne, domin su ne suka iya kawo kansu. Masu munanan raunuka suna isowa daga baya, bayan an zaro su. Asibitin da ya ba rukunin farko duk gadajensa zai tarbi na biyu hannu wofi. Don haka a bar ƙofa ɗaya ta shiga, a tsayar da ƙwararren likita ko nas a bakinta wanda ba shi da aikin komai sai tantancewa, a kai kore wani ɗaki daban nesa da ɗakin farfaɗowa, a kuma samar wa 'yan uwa wurin jira da mai ba su labari.

A ranakun da ba na cunkoso ba, asibitoci na amfani da ma'aunai masu matakai da yawa: na Manchester a Ingila, ESI a Amurka, SATS a Afirka ta Kudu, da kuma wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa tare da ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, mai launi uku. Ko wanne aka zaɓa, abin da ya fi muhimmanci shi ne kowa a asibitin ya san shi ɗaya.

Kowane ja sai a bi shi da jerin da kwas ɗin koyar da kula da masu munanan raunuka na ATLS ya yaɗa tun 1978: hanyar numfashi tare da kare wuya, numfashi, zagayawar jini, yanayin hankali, sannan a cire tufafi a duba gaba da baya, ana fara tsayar da duk jinin da ke bulbula kafin komai. Hankali ana auna shi da ma'aunin Glasgow na 1974, daga 3 zuwa 15. Wanda ya samu 8 ko ƙasa ba zai iya kare hanyar numfashinsa ba. Mai zubar jini a ba shi maganin tranexamic acid da wuri, giram ɗaya ta jijiya cikin minti goma, sannan wani giram cikin awa takwas. Binciken CRASH-2 na 2010, wanda ya ƙunshi majinyata sama da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna yana rage mutuwa, amma amfaninsa na cikin awa uku na farko ne. Wanda jininsa ya ƙi tsayawa, hanyarsa ɗakin tiyata ce, kar a tsaya jiran layin ɗaukar hoto.

Kuskure iri biyu, da maimaitawa

Ana iya ba mai mummunan rauni launi mai sauƙi, ana kuma iya ba mai ƙaramin rauni ja. Na farko yana kashe mutumin kai tsaye, shi ya sa Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ke son kar ya kai kashi 5 cikin 100, tana kuma yarda da na biyun har kashi 25 zuwa 35. A ranar da abubuwa ke daidai, idan ka yi shakka ka ɗaga launin sama. Amma a ranar cunkoso lissafin na canjawa, don idan kowa ya zama ja, ainihin ja zai ɓace a cikinsu.

Maganin duka biyun shi ne komawa. Launi hukunci ne na wannan mintin kawai. A sake duba kowa idan an kai shi wurin tarawa, kafin a sa shi a mota, a ƙofar asibiti, bayan duk wani magani, da duk lokacin da wani ya ce “ya yi shiru” ko “ya fara barci”. Ja a riƙa duba shi kamar kowane minti biyar, rawaya kowane minti goma sha biyar, kore kuma a zagaya su akai-akai, domin a cikinsu ne mai fasasshiyar saifa ke zaune yana jiran a zo kansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Katunan launi da maɗauran jini su kasance a jaka guda da kowa ya san inda take, a liƙa alƙaluman manya da na yara a bangon sashen gaggawa da cikin motar asibiti, a rubuta tun yau sunan muƙamin da zai tsaya a ƙofa da rana da wanda zai tsaya da dare. A riƙa yin atisaye da mutanen da za su kwanta kamar masu rauni, ana auna lokaci da agogo, a sa direbobi da masu gadi da masu tura gado a ciki, domin galibi su ne ke fara haɗuwa da mai rauni kafin likita ya fito.